Darasi na 9: Cernobil, Gobarar da Ta Mutu Ta Bar Guba

Da safiyar Litinin, 28 ga Afrilu 1986, na'urar gwaji ta yi ƙara a tashar lantarki ta nukiliya da ke Forsmark, a ƙasar Suwidin. Wani ma'aikaci ne ya zo wucewa, na'urar ta nuna akwai burbushin nukiliya a takalminsa. Aka bi tashar lungu-lungu, ba a ga inda ke yoyo ba. Da aka duba hanyar da iska ta biyo, sai aka gane daga cikin Tarayyar Sobiyet ƙurar ta taso, nisan fiye da kilomita 1,000. Sai da maraicen ranar hukumomin Mosko suka fitar da sanarwa ta 'yan layuka, cewa an yi hatsari a tashar Cernobil. A lokacin, wuta ta fi kwana biyu tana ci.

Wannan darasi bai damu sosai da daren fashewar ba. Abin da za mu bi shi ne abin da ya biyo baya: yadda gubar ta shiga ciyawa, ta shiga nono, ta shiga wuyan yara, da yadda ta raba dubban mutane da gonakin iyayensu.

Abin da ya faru a daren

Aikin tashar nukiliya, a taƙaice, tafasa ruwa ne. Ana jera sandunan ƙarfen yuraniyom cikin wata katafariyar tukunya, ƙwayoyin zarrarsa suna tsagewa suna ba da zafi, zafin ya mai da ruwa tururi, tururin ya juya injin da ke ba da lantarki. Matsalar ita ce tsagewar nan tana haifar da wasu sinadarai masu fitar da radiyeshan, wato wani ƙarfi da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, amma yana ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta. Muddin suna kulle cikin tukunya, lafiya lau.

Tashar Cernobil tana arewacin Yukiren, kusa da iyakar Belarus, kuma a lokacin duka biyun suna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Da misalin ƙarfe 1:23 na daren Asabar, 26 ga Afrilu 1986, ana cikin wani gwaji a tukunya ta huɗu, ƙarfinta ya haura cikin daƙiƙu kaɗan, ta fashe, ta ɗaga murfinta. Akwai aibi a ƙirar tukunyar tun asali, waɗanda ke aiki a daren kuma suka kai ta wani hali da bai kamata ba. Ba ta da ƙaƙƙarfan ginin kariya da zai tare abin da ya fito. Kimanin kwana 10 ta yi tana tura hayaƙi mai guba sama, iska tana juyawa da shi, ruwan sama yana sauke shi inda ya ga dama.

Ma'aikata biyu suka mutu a ranar. Cikin 'yan kwana-kwana da ma'aikatan tashar, mutum 134 aka tabbatar radiyeshan ya yi musu mummunar illa nan take, 28 daga cikinsu suka rasu cikin 'yan watanni.

Kowace guba da wa'adinta

Ba za a fahimci sauran labarin ba sai an riƙe wannan. Kowane sinadari mai radiyeshan yana da wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. A ɗauka kana da buhun gero, aka ce duk bayan wani lokaci za a ɗebe rabin abin da ya rage a ciki. Karo na farko saura rabi, na biyu saura rubu'i, na uku saura ɗaya bisa takwas. Buhun ba ya ƙarewa dare ɗaya, kuma komai ya dogara ga tsawon lokacin da ke tsakanin ɗiba da ɗiba.

Ayodin-131 wa'adinsa kwana 8 ne, saboda haka bayan kwana 80 abin da ya rage bai kai ɗaya bisa 1,000 ba. Siziyom-137 wa'adinsa kimanin shekara 30, sitironciyom-90 kuwa kimanin shekara 29. Fulutoniyom-239, wanda galibinsa ya zube kusa da tashar don nauyinsa, sai ya shekara kimanin 24,000 kafin ya ragu da rabi.

Mai karatu zai zaci na kwana 8 ɗin ne mai sauƙi. Shi ne ya fi yi wa yara ɓarna.

Daga ciyawa zuwa wuyan yaro

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayiroyid. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo, kuma don kare ta ne ake sa ayodin cikin gishirin da muke saye. Wannan tsoka tana zuƙe duk ayodin da ya shiga jiki, ba ta bambance mai kyau da mai guba. A yankunan da ke kewaye da Cernobil da ma akwai ƙarancin ayodin a abinci, don haka wuyan yaran a shirye yake ya zuƙi duk wanda ya samu.

Hatsarin ya zo daidai lokacin da sanyi ya wuce, aka fara sakin shanu kiwo. Ƙurar ta sauka kan sabuwar ciyawa. Saniya tana share fili mai faɗi a yini guda, ta tattara abin da ya bazu a kai, ya fito cikin nononta. Uwa ta tatsa da safe ta ba ɗanta, kamar yadda ta saba. Ba wanda ya zo ƙauyen ya ce mata ta dakata. An sa wasu ƙa'idoji a kamfanonin madara na gwamnati, amma saniyar gida, wadda talaka ke dogaro da ita, ba a kai gare ta da wuri ba. A birnin Kiyef na Yukiren ma an bar jama'a sun fito bikin ranar ma'aikata ran 1 ga Mayu, har da yara 'yan makaranta. Jagoran Tarayyar Sobiyet, Mikhail Gorbachev, bai yi wa jama'a jawabi a kan lamarin ba sai 14 ga Mayu. Kafin nan abin da za a sha an riga an sha.

Ku duba abin da maƙwabciyarsu Folan ta yi. Tun ranar 29 ga Afrilu ta fara ba yara ruwan ayodin mai kyau, don wuyansu ya ƙoshi ya ƙi karɓar mai guba, har aka ba yara kimanin miliyan 10. Ta kuma hana ba yara nonon shanun da ke kiwo a fili. Maganin ba mai tsada ba ne, ba kuma sabon ilimi ba ne. Abin da ake bukata kawai a faɗa wa mutane gaskiya cikin makon farko.

Sai wajen 1990 abin ya fara fitowa fili. Likitoci a Belarus suka fara ganin ciwon dajin tayiroyid a jikin yara, cutar da a da sukan daɗe ba su ga yaro ɗaya mai ita ba. Da suka buga rahoto a mujallar Nature a 1992, masana da yawa a waje sun yi shakka, wai ya yi wuri. Abin da ya rufe gardamar shi ne yaran da aka haifa daga 1987 zuwa sama, bayan ayodin ɗin ya gushe, ba a ga wannan ƙaruwa a cikinsu ba. Zuwa 2005 an samu fiye da mutum 6,000 da cutar cikin waɗanda suke yara ko matasa lokacin hatsarin, a Belarus da Yukiren da sassan Rasha. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake lissafi zuwa 2015 ya samu kusan 20,000, ya kuma ƙiyasta cewa kimanin rubu'insu hatsarin ne sanadi.

Ana yawan cewa wannan ciwo yana jin magani, kuma haka ne: zuwa 2005 mutum 15 ne aka tabbatar ya kashe. Amma warkewar tana nufin a yanka wuyan yarinya a cire tsokar, ta zauna da tabo, ta riƙa shan ƙwaya kullum har ƙarshen ranta. A ganina duk wanda ya kawo adadin 15 ɗin nan don ya nuna abin bai kai ya kawo ba, ya bar rabin maganar a baya.

Masu kwashe ɓarna

Kimanin mutum 600,000 ne aka ba takardar shaidar sun yi aikin share wurin: sojoji, direbobi, magina, masu haƙar ma'adinai da suka haƙa rami ƙarƙashin tukunyar. Aikin da ya fi muni a kan rufin ginin da ke maƙwabtaka yake, inda fashewar ta watsa gutsattsarin cikin tukunya. An gwada na'urori masu sarrafa kansu, radiyeshan ya lalata su. Sai aka koma ga mutane. Soja zai ɗaura faifan dalma a ƙirji da baya, ya tsaya bakin ƙofa, a nuna masa tulin da zai nufa. Ya ruga, ya ɗebi shebur ɗaya ko biyu, ya watsa cikin ramin tukunyar, a buga ƙararrawa ya dawo da gudu. Wasu minti biyu suka yi, wasu ko minti ɗaya ba su cika ba, kuma da wannan an gama da su, sai na baya. Fiye da mutum 3,000 suka hau rufin nan.

Binciken da aka yi shekaru bayan haka ya nuna ƙarin yanar ido da ƙarin sankarar jini tsakanin waɗanda suka fi shan radiyeshan cikin ma'aikatan. Akwai kuma labari mai daɗi guda: wani bincike da aka buga a 2021 ya duba ƙwayoyin gado na 'ya'ya 130 da irin waɗannan iyaye suka haifa bayan hatsarin, bai ga ƙarin canji da za a ɗora wa radiyeshan ba. Shekara 35 iyaye suka yi da wannan fargaba a zuci.

To mutum nawa ya kashe?

Nan ne gardama take, kuma za ku ji alƙaluma masu nisa da juna. A 2005 wani taron hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Makamashin Nukiliya, ya ce mace-macen za su iya kaiwa 4,000 cikin mutum 600,000 da suka fi shan gubar. Shekara guda bayan haka Hukumar Lafiya ta ce kusan 9,000 idan aka haɗa da sauran mazauna yankunan da suka gurɓata. Ƙungiyar Greenpeace ta ce sun fi 90,000.

Dalilin saɓanin shi ne ciwon dajin da radiyeshan ya jawo ba shi da tambari. Likita ba zai duba ya ce wannan na Cernobil ne, wancan na taba ne ba. Ana ƙiyasi ne: a auna yawan gubar da jama'a suka sha, a lissafa ƙarin da za ta iya kawowa. Wanda ya tsaya kan mutanen kusa zai samu adadi kaɗan, wanda ya haɗa ɗaruruwan miliyoyin mutanen Turai da suka sha 'yar kaɗan zai samu mai yawa. Ga kuma wasu abubuwa biyu da suka dagula lissafin. Gwamnatin Sobiyet ta ɓoye taswirorin gurɓatar har 1989. Sannan ƙasar ta wargaje a 1991, talauci da shan barasa suka ƙaru, maza suka riƙa mutuwa da wuri ko'ina, har a inda ƙurar ba ta kai ba. Saboda haka idan wani ya ba ku adadi guda, ku tambaye shi su wa ya ƙirga, kuma zuwa wace shekara.

Tashi ba shiri

Garin Piripiyat, inda ma'aikatan tashar suke, kilomita 3 ne daga tukunyar, da mutum kusan 49,000. Sai bayan awa 36 aka kawo motocin safa fiye da 1,000. An ce wa kowa ya ɗauki takardunsa da kayan kwana uku. Har yau ba a koma ba. Daga nan aka shata da'ira mai nisan kilomita 30 daga tashar, aka kwashe kimanin mutum 116,000 a shekarar, aka ƙara tayar da wasu kimanin 220,000 a shekarun da suka biyo. Wasu ƙauyuka, kamar Kopaci, an rushe su da katafila an binne gidajen.

Mutanen birni sun samu wani birnin. Manoman ƙauye ne suka fi ji a jika. Tsohuwar da ta tashi da saniya da kaji da gonar dankali a bayan ɗaki aka kai ta hawa na bakwai a wani bene, cikin baƙi masu gudun ta, suna tsoron wai gubar tana yaɗuwa. Taron masanan na 2005 ya ce damuwa da ciwon zuci, da zaman jiran cutar da ba a san ranar zuwanta ba, su ne matsalar lafiya mafi girma da hatsarin ya bari. Fiye da mutum 1,000, galibi tsofaffi, sun saci hanya suka koma gidajensu cikin yankin da aka hana, hukuma ta gaji ta ƙyale su. Yanzu kaɗan suka rage, yawanci mata. Sauran kuwa an saba ba su izini sau ɗaya a shekara, bayan bikin Ista, su shiga su share kaburburan iyayensu su fito.

Kuɗin ma ba a magana. A 1991 Belarus ta kashe fiye da kashi 20 cikin 100 na kasafinta a kan abin da ya shafi Cernobil, alhali tashar ba ma a ƙasarta take ba. Kusan rubu'in ƙasarta ne siziyom ya gurɓata.

Ƙasa, ciyawa da dabba

Bayan ayodin ya tafi, siziyom ya zauna. Tsiro yana ɗaukarsa a matsayin fotash, wato ɗaya daga cikin sinadaran takin zamani, jikin dabba kuma ya kai shi cikin tsoka da nono. Ƙasar laka tana riƙe shi gam, amma jigawa da ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ganye suna sake shi ga saiwa. Shi ya sa a 2018 wani bincike ya tarar da nonon shanu a wasu ƙauyukan yankin Rivne, fiye da kilomita 200 daga tashar, har yanzu ya wuce ƙa'idar da hukuma ta sa.

Manoma da masana sun koyi dabaru. Ana zuba takin fotash don tsiro ya ƙoshi ya rage ɗaukar siziyom. Ana yin huɗa mai zurfi a binne fuskar ƙasa. Ana ba shanu wani shuɗin sinadari da ke kama gubar a cikin hanji ta fita da kashi. Dabbar da za a yanka ana tsare ta makonni kan harawa mai tsabta, jikinta ya zubar da yawancin abin da ya tara. Nono kuwa idan aka kaɗa shi, siziyom yana bin ruwan, man shanun ya fito da sauƙin guba. Duk waɗannan suna aiki, sai dai suna cin kuɗi kowace shekara, kuma duk shekarar da tallafi ya tsaya gubar takan sake hawa.

Abin ya kai nesa ƙwarai. A Birtaniya ruwan sama ya sauke ƙurar kan tuddan Wales da Kumbiriya da Sikotilan, aka sa takunkumi kan gonaki kusan 10,000 da tumaki kimanin miliyan 4. Kafin makiyayi ya kai tunkiya kasuwa sai jami'i ya zo ya ɗora mata na'ura a cinya. Idan ta wuce ƙa'ida a shafa mata fenti, a sauko da ita kwari ta yi kiwo har ta tsarkaka. Ba a ɗage takunkumin ƙarshe ba sai 2012, shekara 26 bayan gobarar da aka yi a wata ƙasa. A arewacin Suwidin da Norwe, makiyayan ƙabilar Sami sun ga an haramta naman dubban dabbobinsu a 1986.

Cikin yankin da aka kwashe mutane kuwa, wani abin mamaki ya faru. Itatuwan dajin da ke daf da tashar radiyeshan ya kashe su sun yi ja, aka sare su aka binne. Amma da shekaru suka tafi, daji ya cinye gonaki da tituna, namun daji suka yawaita: aladun daji, barewa iri-iri, kyarketai, har da dawakin daji da aka saki a 1998. Wata ƙidaya da aka buga a 2015 ta samu kyarketai a ɓangaren Belarus sun ninka na sauran gandun dajin ƙasar sau bakwai. Kada a yi saurin cewa gubar ba ta komai. Wasu masana sun ba da rahoton ƙarancin tsuntsaye da ƙwari a wuraren da suka fi gurɓata, ana kuma gardama a kai har yanzu. Abin da ya tabbata shi ne ga manyan dabbobi, tafiyar mafarauci da manomi da mota ta fi musu amfani fiye da yadda radiyeshan ya cuce su. Dajin kansa kuma hatsari ne: idan gobara ta kama shi, kamar yadda ta yi a Afrilun 2020, hayaƙin yakan sake ɗaga abin da itatuwa suka zuƙa.

Ina ruwanmu?

Babu tashar lantarki ta nukiliya a Afirka ta Yamma, amma Nijeriya da Gana duk suna maganar ginawa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai 'yar ƙaramar tukunyar bincike da ta fara aiki a 2004, wadda ta Cernobil ta fi ta ƙarfi fiye da sau 100,000, don haka ba abin haɗawa ba ne. A Arlit ta Nijar kuwa an fi shekara 50 ana haƙar yuraniyom, kuma mahaƙar Akokan da aka rufe a 2021 ta bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20. Wannan ba hatsarin tasha ba ne, amma tambayar iri ɗaya ce: wa zai ci gaba da aunawa da tsaro bayan an daina samun riba?

Murfin da ba a gama da shi ba

Cikin watanni bakwai na 1986 aka yi gaggawar rufe tukunyar da ginin kankare da ƙarfe. Sauran tukwanen suka ci gaba da ba da wuta, ta ƙarshe ba a kashe ta ba sai Disamban 2000. Ginin gaggawar ya fara tsatsagewa, ruwa yana shiga, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙasashe fiye da 40 suka haɗa kuɗi aka ƙera wata ƙatuwar rumfar ƙarfe mai tsayin mita 108 da nauyin tan 36,000, aka gina ta a gefe don kare magina, sannan aka tura ta ta rufe tsohon ginin a Nuwamban 2016. An ƙera ta ne ta yi shekara 100. A ƙarƙashinta akwai mafi yawan makamashin tukunyar, wanda ya narke ya cakuɗe da yashi da kankare, kuma har yanzu ba a fara kwashe shi ba.

Masu ƙirar sun yi lissafin guguwa da girgizar ƙasa, ba su yi na yaƙi ba. Sojojin Rasha sun mamaye wurin daga 24 ga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris 2022. Ran 14 ga Fabrairu 2025 wani jirgi marar matuƙi ya faɗa kan rumfar ya huda ta, wuta ta yi makonni tana cin abin da ke tsakanin faifanta. Yukiren ta ce Rasha ce, Rasha ta musa. Tsarin Yukiren na kwance tashar gaba ɗaya zai kai wajen 2065.

Aikin aji

A allo, ku fara daga 1986 ku lissafa shekarar da siziyom-137 ya ragu zuwa rabi, da wadda zai kai rubu'i, da wadda zai kai ɗaya bisa takwas. Sannan ku kasu gida biyu. Rukuni na farko su zana hanyar da ayodin mai guba ya bi daga hayaƙi zuwa wuyan yaro, su nuna wurare nawa ne da an yi magana da wuri da an tare shi. Rukuni na biyu su rubuta sanarwar da ba ta wuce layi biyar ba, wadda za a karanta a rediyo ga makiyaya da masu tallan nono a rana ta farko bayan irin wannan hatsari.